Gamba a Bakin Lambu, Shayin Meksiko a Tukunya

Mutumin Gafasa, a ƙaramar hukumar Ajingi, ba shi da filin lambu da zai yi wasa da shi. Sau da yawa 'yar garka ce a gefen gida ko a bakin rijiya, an kewaye ta da darni saboda awaki, kuma kowace kunya da mai ita: yakuwa, rama, kuɓewa, barkono, alayyahu, sai zogale biyu ko uku a kusurwa. Da rani ruwan da za a ba ta da guga ake jawo shi. Duk tsiron da zai shiga irin wannan wuri dole ya biya kuɗin ruwan da ya sha da inuwar da ya yi wa na kusa da shi.

Akwai tsirrai biyu da masu lambu a Turai da Amurka ke yabo, kuma yanzu da waya ta shiga hannun kowa, matasanmu masu sha'awar shuke-shuke kan ci karo da hotunansu. Ɗaya ciyawa ce ta ado, 'yar uwar hatsin nan ot da ake sayarwa a gwangwani. Ɗayan ganye ne mai ƙarfin wari da ake kira shayin Meksiko. Ni dai ga inda na tsaya: ciyawar ot kada a wahalar da kai a kanta, domin muna da gamba wadda ta fi ta ta kowace fuska a ƙasarmu. Shayin Meksiko kuma, wanda shi ne zai fi jan hankalin mutane saboda an ce magani ne, shi ya fi bukatar a yi masa shinge. Idan wuri ɗaya ya rage a lambu, gamba zan ba.

Maganar ciyawar ot gajeriya ce. Masana na kiranta Arrhenatherum elatius, asalinta Turai da yammacin Asiya da arewacin Afirka. Irin da ake shukawa don ado gajeriya ce, ganyenta da ratsin fari da kore, gindinta da 'yan ƙulle-ƙulle masu kama da ƙananan albasa. Sanyi take so. Ko a ƙasashen da ake yabonta, da zarar zafi ya yi ƙarfi sai ta yi ja ta kwanta, sai an yanke ta a jira sanyi ya dawo. To ina ga Afrilun Ajingi, lokacin da zafi kan kai digiri 40, ƙasar jigawa tana ƙona tafin ƙafa? Watannin hunturu ne kawai za ta iya yin kyan gani, shi ma da ban ruwa, a daidai lokacin da latas da albasa da karas ke neman ruwan nan. Manoman alkama a Ingila ma ciyawa mai wuyar kashewa suka ɗauki mai ƙulle-ƙullen, domin garma na tsinka ƙullayen ta watsa su cikin gona.

Abin da Bature ke nema a wurinta shi ne ciyawa mai tsayawa cunkus wuri ɗaya, ta ƙawata bakin lambu. Wannan aikin gamba ta daɗe tana yi mana, har da ƙari, sai dai mun saba da ita har mun daina ganinta.

Duk wanda ya taso a ƙasar Gaya ya san gamba a kan iyakar gona. Kakanni ba don ado suka dasa ta ba. Dutse ana iya gusar da shi cikin dare, kunya ana iya cinye ta da garma kaɗan-kaɗan, amma gindin gamba da ya shekara ashirin a wuri shaida ne da mai unguwa ko dagaci zai tsaya a kansa ya raba gardama. Yanzu da gado ke ƙara tsaga gonaki, kowa na neman ya noma har taku na ƙarshe, ga maganin feshi da ba ya bambance ciyawar banza da ta amfani, layukan gamba sai raguwa suke yi. Abin yana damuna ƙwarai, domin abin da ake asara ya fi 'yar kunyar da ake samu.

Sirrin gamba a ƙarƙashin ƙasa yake. Saiwarta iri uku ce: akwai sirara da ke shimfiɗe kusa da sama suna kama ɗan yayyafin farko, akwai masu kauri da ke ajiye abinci, akwai kuma masu nutsewa can ƙasa neman laima. Shi ya sa take jure rani mai tsawo, har wata tara, ba tare da an ba ta ko ɗigo ba, kuma da ruwan farko ya sauka ita ke riga kowa yin kore, lokacin da harawa ta ƙare a kan rumfa, ta kasuwa kuma ta yi tsada. Mai turka rago don Babbar Sallah, ko matar da ke da awaki biyu a tsakar gida, sun san darajar ɗanyar ciyawa a wannan tsakanin. Sai dai a yi mata adalci: tana ƙarama dabba ke cin moriyarta. Idan ta yi kara ta fitar da kai, abincin da ke cikinta kaɗan ne, ba za ta maye gurbin harawar wake ko ta gyaɗa ba.

A nan ne kuma amfaninta na biyu ke farawa. Da kaka a sa lauje, a ɗaure dami, a saƙa zana. Zanar nan ita ce katangar talaka, ita ce ƙyauren makewayi, ita ce rumfar mai shayi da mai kayan miya a kasuwa, ita ake kewaye turken dabbobi da ita. Kwano ya kori jinka daga kan ɗakuna da yawa, amma bai kori zana daga gida ba, kuma wanda bai da gamba a gonarsa da kuɗi yake saye. Lambun da aka kewaye da gamba, ashe, shi ke noma wa kansa shingen baɗi.

Na uku shi ne wanda ba a gani sai an yi rashi. Ƙasarmu yashi ce, iskar farkon damina na zuwa daga gabas da ƙarfi, ta kwashi ƙasar sama ta binne ƙananan shuka ko ta yayyanka ganyensu. Ruwan Agusta kuma idan ya sauko da yawa, takin da aka ɗauko a kan jaki ko a amalanke shi yake fara tafiya. Layin gamba na rage gudun iska, yana tare ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa, yashi da taki su taru a gindinsa. A cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai an gwada layukan gamba a gefen gonar gero, aka ga yadda suke tare yashin da iska ke ɗauka. A yankin Yatenga na Burkina Faso manoma na dasa ta a jikin layukan duwatsun da suke jerawa don tare ruwa. Abin da ake koya wa mutane a can da sunan sabuwar dabara, tsohon aiki ne a gonakinmu.

Wasu ma daga nesa suka zo suka ɗauka. A 1973 aka kai irin gamba daga Shika, kusa da Zariya, inda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI take a yau, zuwa cibiyar binciken noma ta CIAT a Kolombiya. A 1980 aka fitar da shi ga makiyaya da sunan Carimagua 1 a Kolombiya, da sunan Planaltina a Brazil, aka shuka shi a manyan filayen kiwo masu ƙasa mai tsami inda wasu ciyayin ba sa yi. Shanun Kudancin Amurka suna cin ciyawar da aka ɗebo daga ƙasar Zazzau, mu kuma muna fesa mata magani a bakin gona.

Gamba tana da laifinta, kuma ba ƙarami ba. Tana iya kai mita uku ko huɗu, ta yi wa kayan miya inuwa, saiwarta ta ja ruwan kunyar da ke kusa. Idan aka bar ta ta yi duhu, maciji da ɓera za su samu mafaka. Idan ta bushe a tsaye cikin hunturu kusa da rumbu, tartsatsi ɗaya ya isa. Ostareliya ta ɗanɗana wannan. An kai ta can a shekarun 1930 don kiwo, aka fitar da wani iri mai suna Kent a 1978, sai ta tsallake gonaki ta cika dazuzzukan arewacin ƙasar, wajen Darwin. Masu bincike sun auna wutar dajin da take ci suka samu tana iya ninka ta ciyawar ƙasar har sau takwas, tana kashe manyan itatuwa. A 2012 gwamnatin ƙasar ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa baki ɗaya. A can babu mai yankanta ya saƙa zana, babu akuyar da ke bin ta kullum. A nan lauje da bakin dabba ne linzaminta. Saboda haka wanda ba zai iya yanke gambarsa kowace kaka ba, kada ya dasa ta kusa da gida.

Labarin Ostareliya yana da wata fuska da ta shafe mu kai tsaye. Tsiro mai ladabi a gidansu yana iya zama annoba a gidan wasu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Mu ma ba sai mun je nesa ba: a bi Kogin Wudil a gangara ta Ringim zuwa Haɗeja a ga abin da ciyawar kacalla ta yi wa hanyoyin ruwa da gonakin fadama, a tambayi masunta da manoman shinkafa. Da wannan idon ya kamata a dubi shayin Meksiko.

Sunansa a wurin masana Dysphania ambrosioides, danginsu ɗaya da alayyahu, asalinsa Meksiko da Amurka ta Tsakiya. Yana kai kamar mita ɗaya, ganyensa dogo mai baki kamar zarto, warinsa mai ƙarfi, wasu na cewa kamar na kananzir. Ba kamar ciyawar ot ba, shi zafi ba ya damunsa, kuma ba ya zaɓen ƙasa: bakin hanya, juji, gindin katanga duk yana fita. Gindi ɗaya na zubar da dubban 'ya'ya ƙanana. Ya riga ya bazu a ƙasashen zafi da yawa, har da kudancin Nijeriya inda masu maganin gargajiya suka san shi. Wato tambayar ba ta ko zai yi a Gafasa ba ce. Zai yi, musamman inda ake ban ruwa, kuma idan aka bar shi ya zuba iri, baɗi a kunyar alayyahu za a tsince shi, a wurin da yaro ko baƙuwar amarya ke tsinkar ganyen miya.

Mutanen Meksiko ɗan reshe guda suke jefawa a tukunyar baƙin wake, don ɗanɗano, kuma suna cewa yana rage kumburin ciki. A wannan gwargwadon sun daɗe suna ci lafiya. Ba a nan tsorona yake ba. Tsorona na kan ɗaya sunan da ya yi, na maganin tsutsar ciki, domin na san shi ne zai sayar da shi a wurinmu.

Gaskiya ne yana kashe tsutsa. Akwai wani sinadari a cikinsa, askaridol, wanda ya fi taruwa a 'ya'yan. A farkon ƙarni na 20 ana noma tsiron a jihar Maryland ta Amurka ana tatsar mansa, kuma Gidauniyar Rockefeller, wadda aka kafa a 1913, ta yi amfani da man a yaƙin da ta yi da tsutsar ciki a ƙasashe da dama. Likitoci ne ke aunawa da ɗigo, amma duk da haka aka yi ta samun mace-mace, akasari yara, domin tazarar da ke tsakanin abin da zai kashe tsutsa da abin da zai illata mai tsutsar 'yar kaɗan ce. Amai, jiri, toshewar ji, jijjiga, lalacewar hanta da ƙoda, duk an rubuta su. Da aka samu magungunan da suka fi aminci, sai aka ajiye shi. Mace mai ciki da mai shayarwa kuwa an hana su gaba ɗaya.

Wani zai ce ai wancan tataccen mai ne, mu ganye za mu dafa. Haka ne, ruwan ganyen bai kai man ƙarfi ba. Amma wa zai auna? Yawan sinadarin na bambanta daga gindi zuwa gindi, daga ƙasa zuwa ƙasa, daga ɗanyen ganye zuwa reshen da ya yi 'ya'ya. Kuma mun san halinmu da magani: idan kofi ɗaya bai nuna aiki ba, a ƙara na biyu, a bar shi ya daɗe a wuta don ya yi ƙarfi. Saurayi zai shigo da kyakkyawar niyya ya ce, "Inna, ga maganin tsutsa na shuka, a dafa wa su Auta." Inna ba ta taɓa ganin ganyen ba, ba ta da wanda za ta tambaya, kuma Auta shekararsa uku.

Nan ne bambancin shayin Meksiko da saiwoyi da ganyayen da muka gada. Ba na raina maganin gargajiya. Tsohuwar da ke jiƙa sabara ko ta dafa ɓawon marke tana da ilimin da ya bi ta hannun uwa da kaka: nawa ake sawa, wa ake ba, wa ba a ba, yaushe ake tsayawa. Ko shi ma wani lokaci yana kuskurewa. Baƙon tsiro kuwa irinsa kaɗai ke zuwa, kakanninsa da suka san ma'auninsa suna can Meksiko. Mun ga yadda aka yi rububin tazargade a Kano a 2020, bayan shugaban Madagaska na lokacin, Andry Rajoelina, ya fito da wani jiƙo na dangin ganyen ya ce maganin korona ne. Daga irin wannan dangi aka samo maganin zazzaɓin cizon sauro da ake sha yau a asibiti, wanda ya sa Tu Youyou ta ƙasar Sin ta samu lambar Nobel a 2015. Amma shekaru aka yi ana tacewa, ana gwadawa, ana aunawa kafin ganye ya zama ƙwaya.

Kuma tsutsar ciki ba ciwo ba ne da aka rasa maganinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ƙwaya ɗaya ta albendazol mai miligiram 400, ko mebendazol mai 500, sau ɗaya ko biyu a shekara ga yara a wuraren da tsutsa ta yi yawa, 'yan shekara ɗaya zuwa ƙasa da biyu kuma rabin albendazol ɗin. Ana raba irin wannan a makon lafiyar mata da ƙananan yara, ana samunsa a asibitin shan magani, kuma yana cikin magunguna masu araha. Na san akwai gidan da ko kuɗin mashin zuwa Ajingi ko Gaya nauyi ne. Amsar wannan ita ce a matsa wa hukuma ta kai ƙwayar har ƙauye, a kuma kula da takalmin yara da wanke hannu da makewayi. Talauci ba dalili ba ne na a gwada wa ɗan talaka abin da likitocin duniya suka gwada suka bari.

Akwai wani amfani na shayin Meksiko da na fi yarda da shi. A tsaunukan yammacin Kamaru manoma na sa busasshen ganyensa cikin hatsi don korar ƙwari, kuma masu bincike sun tabbatar yana kashe ƙwaron wake da na masara. Ga mai ajiye 'yan mudu na irin shuka a tulu, wannan abin gwadawa ne, kuma ya fi zuba wa wake maganin feshin da ba a yi shi don abinci ba, ɗabi'ar da ta daɗe tana cutar da mu. Amma ga waken ci da na sayarwa, buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, yana kashe ƙwaron ta hanyar toshe masa iska ba tare da an sa komai ba, kuma a nan Kano ake yin sa. Mai neman ƙamshi a miya ko abin korar sauro da yamma yana da ɗoɗɗoya. Mai neman na shayi yana da na'a-na'a, da ciyawar nan mai ƙamshin lemo da masu shayi ke sawa, wadda ita ma cunkus take yi a kusurwa ba ta yawo.

Duk da haka ban ce a haramta shayin Meksiko ba. Mai sha'awar tsirrai da ke son ya san shi, ya sa shi a tsohuwar tukunya ko bokiti, ya ɗora inda hannun yaro da bakin akuya ba sa kaiwa, ya riƙa tsinke kan da zarar ya fara fure don kada ya zuba iri, ya kuma gaya wa kowa a gidan cewa wannan ba na jiƙo ba ne.

Gamba kuwa hanyar dasa ta ba ta da wuya. Irinta mai gashi ne, ba ya fita sosai, don haka raba gindi ya fi. Idan damina ta zauna, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli, a nemi izinin maƙwabcin da ke da tsohon gindi, a sa fartanya a tsago da saiwarsa, a rage ganyen, a dasa a jere ta gefen gabas inda iska ke shigowa da kuma gefen da ruwa ke fita, a bar kamar taku ɗaya tsakaninta da kunyar farko. Shekarar farko a kare ta daga dabba. Daga ta biyu a riƙa yankan ɗanya don turke, a bar wani ɓangare ya yi kara don zana, a yanke shi tun kafin iskar hunturu ta busar da shi, a kai damin nesa da murhu.

Abin da ya gagari mutum ɗaya shi ne inda tsofaffin gindin suka ƙare, babu wurin tsagowa. A nan ake bukatar hukumomi: ofishin shiyya na uku na hukumar aikin gona ta KNARDA a Gaya yake, Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil na da tsangayar aikin gona, Jami'ar Bayero na da cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa. Ɗan fili kaɗan a kowace mazaɓa, a Gafasa da Toranke da Balare da Chula da sauransu, inda za a raya gamba manoma su zo su tsaga kyauta da damina, ba zai ci kuɗin buhunan taki kaɗan ba. Malaman gona da ke koya wa matasa feshi su ƙara musu jumla ɗaya, cewa idan an zo kan iyaka a ɗaga bututun.